Garwashi a Jakar Hannu

Duk wanda ya taɓa bi ta layin bayan tashar mota da hantsi ya san rumfar Uwar Wuta. Ko idonsa bai gan ta ba, hancinsa ya gaishe ta. Rumfar a ƙofar gidanta take, kuma kayan aikin ba su da yawa: rabin durom a kan ƙafafu huɗu, raga a sama, murfi mai mariƙin katako, da wata 'yar ƙofa a gindi da ake ja a rufe a buɗe saboda iska. Kaza da kifi take gasawa, ba ƙari. Amma ku je ku tambaya, akwai direbobin da ke kashe mota da fasinja a ciki su tsaya jiran kazarta, fasinja na zagi suna lashe yatsu.

Sunan bai same ta a banza ba. Ranar da ta buɗe rumfar nan, shekara ashirin da biyu ke nan, ta ƙyasta ashana sau ɗaya, kuma tun daga ranar wutar ba ta mutu ba. In ta tashi aiki sai ta zaɓi manyan garwashi uku, ta binne su cikin toka, ta ja 'yar ƙofar gindi ta bar mata kafa kamar faɗin farce. Da safe ta tone, ta ɗora sabon gawayi, ta jira har ya yi furfura kafin nama ya kusanci raga. Mijinta ya rasu wutar na ci. An aurar da 'yarta wutar na ci. Ruwa ya taɓa yaye kwanon rumfar, ta kwashi garwashin a tukunya ta shige ɗaki da shi, ta bar katifarta a tsakar gida tana shan ruwa.

Agogon zafi kuwa ba ta da shi sai tafin hannunta. Ta miƙa shi saman raga tana ƙirga. In ta kai uku ta janye, wutar kifi ce. In ta kai shida, ta kaza. In ta kai goma hannu bai ce komai ba, nan ake ajiye abin da ya gasu ya jira mai shi. Kullum gawayinta a gefe ɗaya yake tare, ɗaya gefen fayau, don in kitse ya ɗiga wuta ta tashi, sai ta ja naman can, ta barbaɗa toka a kan harshen. Ruwa kuwa, haram a bakin murhunta.

A kan ruwan nan ne ma suka ɓata da ƙanwarta, wadda duk gida ke kira Auta ko da yake ta ba hamsin baya. Shekara tara da suka wuce Uwar Wuta ta shiga gida ta fito, ta tarar wuta ta tashi, Auta ta rikice ta sheƙa mata kofin ruwa. Toka ta yi sama ta sauko a kan kaji shida. Tun daga ranar aka sauke Auta daga bakin murhu aka mayar da ita yankan albasa da wankin faranti.

"Ke ko shayi aka ba ki ki ɗumama sai kin kira 'yan kwana-kwana," in ji Uwar Wuta, kusan kullum, a gaban masu ciniki.

"To, Yaya," in ji Auta. Ita dai ba ta wuce "to, Yaya".

Ana nan sai waya ta zo daga can wani birni mai nisa, inda 'yar Uwar Wuta ke aure. Ita da mijinta sun buɗe wurin gasa kaza, sun yi fenti, sun sa kujeru, har da allo mai fitila. Wata biyu ke nan, kuma masu ci sun fara ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar tana magana tana jan hanci.

"Mama, kazar da muke gasawa, waje ya ƙone ƙurmus, ciki jini. Jiya wani ya dawo mana da cinya a leda, ya ce mu kai ta asibiti ko za ta tashi."

"Da me kuke hura wutar?"

"Kananzir maigidan yake ɗan zubawa..."

"Kananzir! Kullum sabuwar wuta?"

"Kullum mana, Mama."

"Shi ke nan. Sabuwar wuta ai mahaukaciya ce, ba ta san kowa ba. Ba wa mijin naki."

Surukin ya karɓi wayar yana ta gaisuwa. Ya ce in wannan watan ya wuce a haka sai dai su rufe. Ya ce sun yanka mata tikitin jirgin sama, don Allah ta zo ta yi musu ko da wata ɗaya ne.

Jirgin sama! Kafin la'asar duk layin ya ji. Mai ɗinki ya ji, mai gyaran taya ya ji, matar mai kemis da ba sa ga maciji da juna ita ma sai da aka tabbatar ta ji. Uwar Wuta ta ɗinka sabon kaya, ta sayi takalmi mai igiya wanda ya matse ta, ta riƙa tambayar duk wanda ya tsaya sayen kifi ko gaskiya ne ana ba da abinci a sama, kuma su a kan me suke dafawa.

Sai dai akwai abin da ya hana ta sakewa: wutar. Wata guda cur. Ta dubi Auta tana yankan albasa tana hawaye, ta girgiza kai. Wannan ko kwana biyu ba za a yi ba za ta kashe mata ita. Daga nan dabara ta faɗo mata. Ai abin da yaran nan suka rasa ke nan, tsohuwar wuta mai hankali. Tafiyar kuma an ce awa ɗaya da rabi ce. Wutar da ke kwana cikin toka, awa ɗaya da rabi wasa ne a wurinta.

Ranar tafiya da safe ta aiki Auta neman tasi. Tana fita, Uwar Wuta ta ɗauko gwangwanin madara babba, ta zuba yashi a gindi, ta sa ƙaramin gwangwani a ciki, ta cika tsakaninsu da yashi. Ta zuba toka, ta zaɓi garwashi ɗaya, wanda ya fi kowane nauyi da kyau, ta kwantar da shi kamar jariri, ta lulluɓe da toka. Murfin ta huda shi uku da ƙusa, ta toshe biyu da tsinke. Sauran wutar murhun kuwa ta kife mata yashi, ta juya baya don kada ta gani. Awartaki da mafici da ragar ƙarfe suka shiga babban akwati. Gwangwani ya shiga jakar hannu, a tsaye, tsakanin carbi da gorar ruwa.

A cikin tasi bakinta bai rufu ba. Ta gaya wa direba inda za ta, da wanda ya yanka tikitin, da lambar kujerarta, kusa da taga. Lokaci lokaci sai ta zura hannu a jaka ta dafa gwangwanin. In ta ji ɗumin ya ragu ta zare tsinke ɗaya, in ya ƙaru ta mayar. Auta na gefe da ƙatuwar jakarta a cinya, ta shaƙi iska sau biyu, ta dubi yayarta, ta mayar da ido kan titi.

"Me kike shinshina kamar kyanwa?"

"Ba komai, Yaya."

"Rumfa dai na rufe ta. Kada in ji kin taɓa mini murhu."

"To, Yaya."

Filin jirgi ya tafi da hankalinta. Ƙofa tana buɗe kanta, ƙasa kamar an shafa mai, ga sanyi na busowa daga sama ba a ganin inda yake fitowa. Ta yi wa ƙofar sannu, don ba ta saba a yi mata hidima ta wuce shiru ba. Aka auna akwatinta, aka manna masa takarda, ya bi wani bel ya shige rami, ta bi shi da addu'a. Daga nan aka nuna mata layin bincike, inda 'yan rakiya ke tsayawa. Ta sallami Auta da hannu ɗaya.

"Ki wuce gida kai tsaye. Ban da tsayawa gulma."

"Allah ya kiyaye hanya, Yaya."

Layin kuwa abin kallo ne. Manyan mutane da tumbi da agogo, an sa su cire takalmi kamar masu shiga ɗakin surukai. Wani mai kwat a gabanta an ce ya cire bel, ya tsaya riƙe da wando da hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun, yana ta faɗa wa wani a can cewa shi fa ba a yi masa haka a wasu wurare. Wata 'yar gayu an karɓe mata kwalbar turare, tana rantsuwa ko rabi bai kai ba. Uwar Wuta ta sha dariya har da riƙe ciki, ta taɓa matar da ke bayanta.

"'Yar uwa, kin ga na gaban nan? In ya yi atishawa mun ga abin da ba mu biya ba."

Da aka zo kanta, wata jami'a ta hango kan gorar ruwa.

"Mama, ruwa ba ya wucewa. Ki jefa a kwandon can."

"In zubar da ruwa? Ruwan da na dafa na tace?"

Ta buɗe gorar ta kafa kai, layi na jira, sai da ta ga gindinta. Ta yi gyatsa, ta miƙa wa jami'ar gorar. Ta kwance takalmi, ƙafafunta suka yi mata godiya. Sai aka ce ta ɗora jaka a tire.

Ta ɗora. Ta ga tiren yana tafiya zuwa bakin wani akwatin ƙarfe mai labulen roba.

"Ɗana," ta ce da wani dogon jami'i mai safar hannu, "cikin nan akwai iska kuwa?"

"Akwai me?"

"Ba komai. A dai bar ta a tsaye, kada a kwantar."

Ta bi ta ƙofar binciken nan da ba ta da gida, ƙofar ba ta yi ƙara ba. Ta tsaya a ɗaya gefen tana jiran jakarta. Jakar ta leƙo, ta koma ciki. Ta sake leƙowa, ta sake komawa. Mai kallon allon na'urar ya kira Dogo mai safar hannu, suka haɗa kai, suna nuna wani abu da biro.

"Jakar wace ce wannan?"

"Tawa ce, ɗana."

Dogo ya zuge jakar, ya ciro carbi, ya ciro ɗankwali, ya ciro maganin ciwon gwiwa. Ya kama gwangwani, sai ya tsaya cak. Ya mayar da shi ɗaya hannun.

"Mama, wannan da ɗumi."

"Ai dole."

"Mene ne a ciki?"

"Toka."

"Toka kawai?"

"Toka da abin da toka ke rufewa. Kada ka buɗe a nan, iskar nan taku ta yi yawa. Ɗana, na ce kada ka..."

Ya riga ya ɓalle murfin. Ya leƙa, bai ga komai ba sai fari. Ya ɗauki biro ya tona. Sanyin nan da ke busowa daga sama ya sauka daidai kan gwangwanin, toka ta tashi ta bule masa gira, garwashi ya buɗe jan idonsa, bakin biron ya narke ya lanƙwashe.

"Wuta!" in ji Dogo. Ya dire gwangwanin a tiren ƙarfe ya yi tsalle baya.

Wayyo, ku zo ku ga gudu. Wani ya busa usur. Layi ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Mai kwat ya manta da abin da hannunsa ke riƙe, ya ɗaga hannu biyu, abin da aka yi hasashe ya faru. 'Yar gayu ta haye benci da takalmi ɗaya. Kafin ka ce me, ga wani ɗan kwana-kwana kakkaura ya taho a guje da jar tukunyar kashe gobara, ya zare fil, ya saita bakin tiyo.

Uwar Wuta ba ta san lokacin da ta sha gabansa ba, ƙafa ba takalmi, hannu biyu a buɗe.

"Sai dai ka fesa mini! Wallahi sai dai ka fesa mini! Shekararta ashirin da biyu, ta girmi aikinka!"

"Mama, matsa!"

"Ba na matsawa. Dube ta, wa ta ci? Tana barcinta wancan dogon ya tsokale mata ido!"

"Kowa ya tsaya inda yake."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma har usur ya yi shiru. Wata mace ce gajera, da tabarau a kan hanci da rediyon hannu a kafaɗa. Shugabarsu ce, Madam suke ce mata. Ta leƙa gwangwanin, ta dubi girar Dogo, ta dubi tsohuwar da ke haki. Ta sa aka janye tiren zuwa wani tebur a gefe, ɗan kwana-kwana na tsaye a kansa, ta ce layi ya ci gaba.

"Mama, zauna. Gaya mini, daga farko."

Uwar Wuta ta gaya mata. Ashana ɗaya, shekara ashirin da biyu, 'yarta, kazar da aka ce a kai asibiti, kananzir. Ta nuna mata yashin da ke tsakanin gwangwani biyu, da huda uku, da tsinke biyu. Ta ce ko a cinyar jariri aka ɗora shi ba abin da zai ji sai ɗumi.

Madam ta saurara har ƙarshe. Gefen bakinta ya so ya motsa, ta hana shi.

"Mama, na yarda kin san wuta. To bari in tambaye ki. In kitse ya ɗiga a kan garwashi, ɗigo ɗaya, me ke faruwa?"

"Ta tashi mana."

"Fikafikan jirgin nan da kike gani, cike suke da mai, dam. Mutum ɗari da arba'in za su zauna a tsakaninsu, har da jarirai. A sama jirgi kan yi girgiza, jaka ta faɗo, murfi ya ɓalle. Can ba gefen da za ki ja nama ki kai."

Uwar Wuta ta waiwaya. Ta dubi layin, ta ga wata mai goyo tana jijjiga ɗanta. Kunya ta rufe ta tun daga kai har tafin ƙafa. Ita da ke korar masu shan taba daga kusa da galan ɗin mai gyaran janareto.

"'Yata, ban yi wannan tunanin ba," ta ce a hankali. "Na yi wauta. Ba za ta hau ba, na ji. Amma don girman Allah kada a kashe ta. Ita kaɗai ta rage, na kife sauran da yashi."

"Dokarmu a kashe ce, nan take. Kuma da wani ne, da yanzu yana ofis yana amsa tambayoyi har jirgi ya tashi ya dawo." Madam ta dubi agogo. "Saura minti ashirin a rufe ƙofar jirginku. In kin fita da ita da kanki, kin rasa jirgi. In kin zauna, sai mu kashe. Sai dai in akwai wanda zai karɓa a waje, yanzu yanzu."

Uwar Wuta ta leƙa gwangwanin. Iska ta riga ta yi ɓarna. Garwashin da ya kai ƙwan kaza da safe ya koma kamar goro, yana ci da sauri, ja wur. In ba a ba shi gawayi ba, ko rabin awa ba zai kai ba. Ta ja toka da yatsa ta rufe shi, ta mayar da murfi, ta toshe huda biyu. Can birni 'yarta na nan ta share ɗaki tana jira. Nan kuma ga wannan. Wa gare ta a waje? Mutum ɗaya ce, kuma ta kore ta gida da bakinta.

Ta ciro waya ta kira. Ƙara ɗaya aka ɗauka.

"Auta, kina ina? Kin yi nisa? Ki ce wa direban ya juyo, ki ce..."

"Ina bakin ƙofa ta biyu, Yaya. Sun kama ki?"

Uwar Wuta ta cire wayar daga kunne ta dube ta, ta mayar.

"Me kika ce?"

"Na ji usur, na ga mutane na gudu. Na ce to, an buɗe gwangwani."

Ɗan kwana-kwana ya ɗauki tiren da hannu biyu, can nesa da ƙirjinsa, Madam a gaba, Uwar Wuta a baya tana ce masa ya daina karkatawa. A bakin igiyar da ke raba matafiya da 'yan rakiya, ga Auta tsaye. Ta buɗe ƙatuwar jakarta ta nuna: tsohuwar tukunya da toka a ciki, ƙullin gawayi an farfasa shi ƙanana, da guntun kwali na fifita.

"Ke! Yaushe kika sani?"

"Tun da na dawo da tasi na ga murhu a kife da yashi, ke kuma ba ki yi kuka ba. Ga gwangwanin madara ya ɓace. A mota kuma jakarki sai ƙamshin rumfa take."

"Shi ne ba ki ce mini komai ba? Kika bar ni na zo na tara wa kaina jama'a?"

"Yaya, yaushe rabon da in faɗi magana ki ji?"

Dogo, da ya biyo su yana goge gira, ya yi tari ya juya baya. Madam ta cire tabarau tana gogewa, kafaɗunta na rawa.

Lasifika ta kira jirginsu. Uwar Wuta ta kama igiyar da hannu biyu, magana na fita a guje.

"To saurara. Kada ki juye shi, ki ɗauke shi da cokali. Ƙananan gawayi uku, ba huɗu ba, ki jingina su, kada ki danne shi. Fifita daga gefe, a hankali, ba daga sama ba. In kin ga farin hayaƙi mai kauri..."

"Ya yi yawa, in cire ɗaya."

"In kin isa gida, 'yar ƙofar gindi..."

"Faɗin farce. In ana iska, rabin farce. Ranar ruwa in shigar da ita ɗaki, in bar taga a buɗe."

Uwar Wuta ta saki baki.

"Wa ya koya miki?"

"Shekara tara ina yankan albasa a bayanki, Yaya. Hawaye nake yi, ba makanta ba."

"In kika zuba mata ruwa..."

"Sau ɗaya ne fa! Sau ɗaya, shekara tara!"

"Mama," in ji Madam, "minti goma sha biyu, kuma sai kin sa hannu a takarda, an sake duba jakarki."

Uwar Wuta ta ɗora tafin hannu a kan murfin gwangwanin, ta ji ɗumin, ta janye. Ɗan kwana-kwana ya wuce da tiren ta babbar ƙofa, Auta na biye da shi tana ce masa ya daina karkatawa.

Sauran abin duk a guje aka yi shi. Ta dangwala hannu a takarda, ta yi alkawarin ba za ta ƙara ba. Dogo ya zazzage jakarta har da leƙa cikin kwalbar maganin gwiwa.

"Babu wata a ciki, Mama? Ko 'yar ƙarama?"

"Sai wadda ke cikin bakina, ɗana. Ka yi haƙuri da biron."

Ta kwashi takalmi a hannu, ta bi dogon baranda ƙafa ba komai, sabon zane na harɗe ta. Ta wuce mai kwat, wanda ya ɗaure bel har ramin ƙarshe, ya kau da kai kamar bai taɓa ganinta ba. Ana gab da ƙofar jirgin sai ga bangon gilashi, kuma ta cikinsa ana hango wurin ajiye motoci. Ta ja birki.

Can ƙarshen filin, nesa da motoci, kusa da wani tulin yashi, ga mutum biyu a tsugune: ɗan kwana-kwana da jar tukunyarsa, da Auta da kwalinta. Hayaƙi na tashi, fari, mai kauri.

"Ya yi yawa!" Uwar Wuta ta daki gilashin da takalmi. "Cire ɗaya! Auta! Huɗu kika sa, na san huɗu kika sa!"

"Mama, ke kaɗai ake jira," in ji ma'aikaciyar bakin ƙofa, tana miƙo hannu a ba ta tikiti.

"Tsaya, 'yata, minti ɗaya. Kashe mini ita za ta yi."

Auta ba ta ɗago ba, ba ta ma san ana kallonta ba. Ta sa hannu cikin tukunyar ta ciro wani abu ta ajiye gefe. Ta koma gefen da iska ke fitowa, ta ba ta baya, ta ci gaba da fifita a hankali. Farin hayaƙin ya rage, ya sirance, ya koma shuɗi shuɗi, sannan ya ɓace gaba ɗaya, sai iskar saman tukunyar kawai ke rawa. Ɗan kwana-kwana ya miƙe, ya mayar da fil ɗin tukunyarsa.

Wutar ta kama.

Uwar Wuta ta yi wata irin guɗa da sai da ma'aikaciyar ta dafe ƙirji. Ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙa tikiti a cukurkuɗe.

"Kin ga waccan mai kwalin? Ƙanwata ce. Ɓarauniya ce, da ido ta sace mini sana'a, shekara tara ina zaune da ita ban sani ba." Ta tura takalman cikin jaka, ta gyara ɗaurin zane. "Ina hanyar? Mu je, 'yata, akwai wani surukina can da ke zuba wa kaza kananzir, yau zai gane kurensa."